Farfesa Osuntokun: Likitan da ya auna gudun saƙo a jijiyoyin 'yan Najeriya

Duk wanda ya taɓa kai mai ciwon suga asibiti saboda ƙafafunsa sun mutu, ko tafin sawunsa yana zafi kamar ya taka garwashi, wataƙila ya ji likita ya ambaci gwajin jijiya. Na'ura ce ake jona wa mutum a hannu ko a ƙafa, a sakar masa ɗan lantarki kaɗan, ita kuma ta fitar da alƙaluma. Alƙaluman nan ba su gaya wa likita komai sai in ya riga ya san na mai lafiya, kamar yadda farashin buhu ba ya nufin komai ga wanda bai san tiya nawa ke cikinsa ba. Daga cikin waɗanda suka fara wannan awo a Najeriya, suka kuma nace a kan cewa jikin mutanen ƙasa ya kamata a gwada da jikin mutanen ƙasa, akwai marigayi Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na Jami'ar Ibadan, wanda ya rasu a 1995.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1935 a Okemesi, wani gari da duwatsu suka kewaye a Jihar Ekiti ta yanzu. Gidansu gida ne da ya yi suna a boko. Yayansa, Cif Oduola Osuntokun, ya yi minista a gwamnatin tsohuwar Jihar Yamma, ƙanensa kuma shi ne masanin tarihin nan Farfesa Akinjide Osuntokun, wanda mutanen Arewa suka sani da littafin da ya rubuta a kan rayuwar Sa Kashim Ibrahim.

Ya yi sakandare a Christ's School da ke Ado-Ekiti, daga nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Landan. An buɗe asibitin koyarwa na Ibadan a 1957. Kafin haka sai ɗalibai sun tafi Ingila su ƙarasa karatun likita, don haka Osuntokun yana cikin rukunonin farko da suka koyi aikin a gefen gadajen marasa lafiya na ƙasarsu. Ya kammala a 1961 da sakamako mai daraja.

A 1963 ya tafi birnin Kadif na ƙasar Wels bisa gayyatar Farfesa Harold Scarborough, Baturen da daga baya ya zo Zariya ya yi aiki a tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Bayan haka ya sami tallafin ƙaro ilimi a Niyukasil, wajen Henry Miller da John Walton, wanda ya shahara a cututtukan tsoka, sannan ya zarce babban asibitin jijiyoyi na Queen Square a Landan. Ya dawo gida a ƙarshen 1965 ya kafa sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Ibadan, inda ya tarar da Latunde Odeku ya riga ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa tun 1962. Yana da shekara 35 ya zama farfesa, a 1970.

Abin da na'urar ke aunawa

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa da yawa. Hanyar jini jijiya ce, agarar da mahauci ke cirewa daga nama ma wasu jijiya suke ce mata. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce farar igiyar da ta taso daga laka ta ratsa gaɓoɓi, tana kai umarnin motsi zuwa tsoka, tana kuma dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Saƙon da take ɗauka na lantarki ne, kuma manyan zarurrukanta suna da wata riga mai maiƙo da ta lulluɓe su, kwatankwacin robar da ke jikin wayar wuta. In rigar ta lalace, saƙo zai yi ta tafiyar hawainiya. In kuwa zarurrukan kansu ne suka mutu, gudun bai cika raguwa sosai ba, amma ƙarfin amsar da na'ura ke gani sai ya ƙanƙance. Wannan bambanci shi ne rabin aikin likitan jijiya, domin kowane yanayi da cututtukan da ke kawo shi.

An daɗe ana zaton saƙon jijiya ya fi ƙarfin awo saboda sauri. Babban malamin nan na Jamus, Johannes Müller, yana cikin masu wannan ra'ayi, sai ga ɗalibinsa Hermann von Helmholtz ya auna shi a 1850 a ƙafar kwaɗo, ya samu bai wuce kimanin mita 30 a sakan ɗaya ba. Kusan shekara ɗari aka yi kafin awon ya shiga asibiti. A 1948 wasu masana uku a Amurka, Hodes da Larrabee da German, suka nuna yadda za a yi shi a jikin mutum, bayan yaƙin duniya na biyu ya bar ɗimbin sojoji da tsinkakkun jijiyoyi. Ke nan a lokacin da Osuntokun ya koyo aikin, fannin bai cika shekara ashirin ba.

Lissafin kansa ɗan kasuwa zai iya yi a ka. Ana zungurar jijiya da lantarki a wuyan hannu, a duba lokacin da tsokar babban yatsa ta ɗauka kafin ta motsa. A sake zungurarta a gwiwar hannu, a duba lokacin. Sai a sa tef a auna tazarar da ke tsakanin wuraren biyu. In tazarar santimita 24 ce, bambancin lokaci kuma kashi 4 cikin 1,000 na sakan, to gudun mita 60 ne a sakan. Baligi mai lafiya yakan haura mita 50 a hannu, ya haura 40 a ƙafa. Akwai kuma abokin wannan gwaji, wanda ake soka siririyar allura a cikin tsoka a saurari lantarkinta ta lasifika. Lafiyayyar tsoka in tana hutawa shiru take yi, wadda jijiyarta ta mutu kuwa sai a ji tana ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Fritz Buchthal na birnin Kofanhegin ya shafe shekaru yana tattara alƙaluman masu lafiya na wannan gwaji, tsoka bayan tsoka, shekaru bayan shekaru, har jadawalinsa ya zama abin dogaro a ƙasashe da yawa. Amma mutanen da ya auna Turawan arewacin Turai ne.

Cutar masu tangaɗi

Tun shekarun 1930 likitocin Turawa suka lura da wata cuta a kudancin Najeriya, musamman daga baya a yankin Ijebu da Epe. Mutum yana zaman zamansa sai ƙafafunsa su fara mutuwa, ya daina jin ƙasa in ya taka, tafiyarsa ta koma tangaɗi kamar ta mashayi, yana buɗa ƙafa yana buga sawu da ƙarfi. Da dare abin ya fi tsanani, domin idon da yake taimaka masa ya san inda ƙafarsa take ba ya gani. Sannu a hankali ganin ma ya dushe, ji ya ragu. Talakawa ta fi kamawa, maza da mata, yawanci waɗanda suka fara manyanta.

Osuntokun ya ɗauki wannan cuta ya mai da ita aikin rayuwarsa na farko. A 1968 ya fitar da cikakken bayaninta a mujallar Brain ta Ingila, inda ya haɗa abin da ido ya gani a jikin majinyata da abin da aka samu a jininsu da kuma abin da na'urar lantarki ta auna. Ya tsara alamominta huɗu, wato lalacewar hanyoyin ji a cikin laka, da shanyewar jijiyar gani a ido biyu, da kurumta, da ciwon jijiyoyin gaɓoɓi, ya ce wanda ya haɗa biyu daga ciki za a lissafa shi. Awon lantarki ya nuna saƙo yana tafiya a hankali a jijiyoyin ƙafafun majinyata in an gwada da na 'yan Najeriya masu lafiya. Da aka yanko ɗan guntun jijiya aka duba a madubin likita, tare da abokin aikinsa A. O. Williams, sai aka ga rigar jijiyar ta zazzage wuri-wuri, abin da ya yi daidai da jinkirin da na'ura ta nuna.

Abin da ya rage shi ne dalili. Majinyatan nan kusan duk abincinsu ɗaya ne: rogo da safe, rogo da rana, rogo da dare, ba nama, ba kifin kirki. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanaid in an farfasa shi. Jikin ɗan Adam yana da dabarar kashe kaifin wannan guba, ta hanyar haɗa ta da farar wuta da yake samowa daga abinci mai gina jiki, ya mai da ita tayosayanet ya fitar ta fitsari. Osuntokun da abokan aikinsa sun samu tayosayanet ya yi yawa a jinin majinyata, sinadaran gina jiki masu ɗauke da farar wuta kuwa sun yi ƙasa ƙwarai. Wato guba tana shiga kullum, abin wanke ta kuma ya ƙare.

Bai tsaya a asibiti ba, kuma a nan ne basirarsa ta fi fitowa. Shi da Gottlieb Monekosso, ɗan Kamarun da daga baya ya shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka, da John Wilson na Landan, suka zaɓi ƙauyuka biyu na Yarbawa. Ɗaya shi ne Ososa a ƙasar Ijebu, mahaifar ɗan wasan kwaikwayon nan Hubert Ogunde, inda rogo ne cimaka. Ɗayan kuma Akinmorin a kusa da Oyo, inda doya ta fi yawa. Ƙabila ɗaya, harshe ɗaya, talauci kusan iri ɗaya, sai bambancin abin da ke cikin tukunya. Sakamakon da suka buga a 1969 ya nuna cutar ta yi katutu a Ososa, a Akinmorin kuwa da wuya a same ta, kuma yawan tayosayanet a jini ya bi wannan layi.

Sai dai ba komai ne ya tafi yadda ya so ba. Ya gwada warkar da majinyata da allurar wani nau'in bitamin B12 mai kama sayanaid, da kuma bitamin B2, a gwaji mai tsari inda ake ba wasu maganin a hana wasu, ya samu babu wani sauƙi da suka kawo. Ya buga wannan sakamako a 1970 kamar yadda ya fito, abin da ba kowane mai bincike ke da zuciyar yi ba. Binciken da almajiransa suka koma suka yi a Ososa wajen shekarar 2000 ya tarar cutar tana nan, kuma har yau masana na muhawara ko sayanaid kaɗai ce ke kawo ta, ko ƙarancin bitamin B1 da wasu abubuwa suna da hannu. Akwai ma wata cutar ta daban da ake dangantawa da rogon da ba a sarrafa da kyau ba, mai suna konzo, wadda ke sandarar da ƙafafu farat ɗaya. An fara bayyana ta a Kwango a 1938, ta kuma ɓarke a arewacin Mozambik lokacin farin 1981. Duk mai nazarin waɗannan cututtuka biyu sai ya bi ta kan rubuce-rubucen Osuntokun.

Wane ne mai lafiya?

Tambayar tana da sauƙin yi, amsarta ce aiki. Kafin likita ya ce gudun mita 44 a hannun wani ya yi ƙasa, dole ya san iyakar da masu lafiya ke tsayawa, kuma wannan iyaka tana motsawa da abubuwa da dama.

Shekaru suna motsa ta. Jaririn da aka haifa yau gudun jijiyarsa kusan rabin na baligi ne, sai ya kai shekara uku zuwa biyar yake cim masa, in tsufa ya zo kuma ya sake raguwa kaɗan-kaɗan. Tsawo ma haka, domin dogon mutum saƙo ya fi jinkiri a ƙafarsa, ko da lafiyarsa ƙalau. Kaurin fata da kaurin yatsu suna rage ƙarfin amsar da na'ura ke kamawa daga jijiyar ji. Amma babu abin da ya kai zafin jiki yaudara. Duk digiri ɗaya da fatar hannu ta sauka, gudun yakan ragu da kimanin mita 2 a sakan. Ɗauki ma'aikacin da ya tuƙo babur da asubar hunturu ya shiga ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya ɗaki. In zafin hannunsa ya sauko daga digiri 33 zuwa 28, gudun da ya kamata ya zama 55 zai iya fitowa 45, a rubuta masa ciwon da ba shi da shi. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a auna zafin fata, a ɗumama hannu ya kai wajen digiri 32 kafin a fara.

Abinci ma yana ciki, kuma Osuntokun da kansa ya nuna haka. A 1971 ya buga awon da ya yi wa yara masu tamowa irin ta kwashiyoko, kafin a yi musu magani da kuma bayan an yi. Gudun saƙo ya ragu a lokacin da suke cikin ciwon, ya kuma farfaɗo bayan sun sami abinci. Wannan ya tayar da wata matsala da likitan Landan bai cika damuwa da ita ba. A garin da yawancin mutane ke fama da ƙarancin abinci, ko suke da ciwon suga ba su sani ba, in ka tara masu yawo da ƙafafunsu ka kira su masu lafiya, ma'auninka zai sauka ƙasa, marar lafiya ya wuce a matsayin lafiyayye. In kuma ka ɗauko ma'aunin wata ƙasa ka ɗora ba tare da gwadawa ba, kana iya yanke wa lafiyayye hukuncin ciwo. Tantance waɗanda za a auna ya fi awon kansa wuya.

Ko bayan an tara mutanen da suka dace, sai an yanke shawarar inda za a ja layi. Al'adar masana ita ce a ja shi ta yadda mutum 2 ko 3 cikin 100 na masu lafiya za su faɗa waje. A gwaji ɗaya wannan ba komai ba ne. Amma likita yakan auna abubuwa goma ko fiye a zama ɗaya, kuma lissafi ya nuna in an auna abubuwa goma da ba su da alaƙa da juna, lafiyayyen mutum ɗaya cikin biyar zai fito da aƙalla sakamako ɗaya da ya ƙetare layi. Wanda ya fahimci wannan ba zai firgita da jan layi guda a takardar sakamako ba, kuma likitan kirki ba ya yanke hukunci da alƙalami ɗaya sai ya haɗa da abin da ya gani a jikin mutum.

Aikin bai ƙare ba ko a ƙasashen da suka ci gaba. A 2016 wani kwamitin ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ya tace ɗimbin rubuce-rubuce a kan ma'aunin masu lafiya, ya sa sharuɗɗa irin su a auna fiye da mutum 100, a kula da zafin jiki, a haɗa shekaru daban-daban, sai ya tarar 'yan kaɗan ne suka cika su. A wannan shekara ce kuma wasu masana na Kano da Zariya suka buga awon da suka yi wa mutum 200 masu lafiya a Kano, domin samar da ma'aunin jijiyar tsakiyar hannu na 'yan Najeriya. Tsakanin dawowar Osuntokun gida da wannan aiki na Kano shekara hamsin ne, abin da ke nuna irin jinkirin da fannin ya yi a ƙasar nan.

Ina ruwan mutanen bakin tafki?

A shekarar da bayanin Osuntokun ya fito a mujallar Brain, a 1968, a ita aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tafki ya cika ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da gonakin fadama, aka sake wa fiye da mutum 40,000 matsuguni. Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Sarkawa masunta, da sauran jama'ar Yawuri da Ngaski da Shanga, suna rayuwa ne a yanayin da ya bambanta da na Ososa ta fuska mai muhimmanci. Cimakarsu gero da dawa da masara da shinkafa, ga kifi a kusa, kuma kifi yana cikin abincin da ke ba jiki farar wutar da yake kashe kaifin gubar rogo da ita. Wannan kariya ce babba, muddin kifin yana shiga tukunyar gida, bai ƙare duka a kwandon fatake ba.

Duk da haka rogo ya shigo Arewa da ƙarfi. In hatsi ya yi tsada, garin kwaki da alabo ne ke rufa wa magidanci asiri, kuma a irin wannan lokaci ne mai sarrafawa ke gaggawa, ya rage kwanakin jiƙo don ya kai kasuwa da wuri. Ɓare rogo, da jiƙa shi kwana uku zuwa biyar, da gurzawa a bar shi ya yi tsami, da matsewa, da shanya ko suya, su ne matakan da ke fitar da gubar. Garin da ya bi su babu abin tsoro a cikinsa. Ɗan kasuwar da ke saro gari ya kai Yelwa ko Wara yana da hakki a wuyansa ya san daga hannun wa yake saye.

Ciwon jijiya kuwa ba sai da rogo ba. Ciwon suga shi ne kan gaba a birane yanzu. Kuturta tana cin jijiyar hannu da ta ƙafa tun kafin yatsu su nuna alama. Wani daga magungunan tarin fuka yana taɓa jijiya in ba a haɗa shi da bitamin B6 ba, wasu magungunan feshin gona ma suna yi. Akwai kuma matsewar jijiya a wuyan hannu, mai tashin mutum da dare da mutuwar yatsu, wadda ke damun masu aikin hannu iri ɗaya kullum, tun daga tela da mai daka har zuwa akawun da ke kan kwamfuta. Masuncin da ya shekara talatin yana jan koma da tuƙa jirgi, tafin hannunsa ya yi kanta, in an tura shi babban asibitin koyarwa aka gwada shi da jadawalin da aka tsara da hannayen ɗaliban jami'a a Turai, ƙanƙancewar amsar da aka gani za ta iya zama ta kaurin fata, za ta iya kuma zama ta ciwo. Abin da zai raba gardama shi ne a samu an taɓa auna masu irin hannunsa da ba su da ciwo. Iyalin da suka sayar da akuya suka yi kuɗin mota saboda wannan gwaji sun cancanci sakamakon da za a iya dogara da shi.

Daga asibiti zuwa gida-gida

Darasin Ososa bai bar Osuntokun ba: wanda ya zo asibiti ba shi ne hoton gari ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya haɗa kai da Bruce Schoenberg na Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya wajen tsara wata hanya mai sauƙi, ta tambayoyi da 'yan gwaje-gwaje, wadda ma'aikacin lafiya da ba likita ba zai bi gida-gida ya zaƙulo masu alamun ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya, sannan likita ya zo ya tabbatar. Sun gwada ta a yankin Ibarapa na Jihar Oyo. A Igbo-Ora, garin da ya yi suna da haihuwar tagwaye, sun bi kusan mutum 19,000 suka samu kimanin 5 cikin 1,000 suna da farfaɗiya. A Aiyete, mai nisan kilomita 20 kacal, adadin ya kai 37 cikin 1,000. Igbo-Ora tana da tsarin kula da lafiya a matakin farko tun 1963, da awon ciki da rigakafi, Aiyete kuwa ba ta da irin wannan gata a lokacin. An yi amfani da wannan hanya tasu daga baya a ƙasashe da dama na Asiya da Kudancin Amurka.

Aikinsa na ƙarshe ya sake komo da shi kan tambayar ma'auni. Tare da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana, ya kafa binciken da ya gwada cutar mantuwa a tsakanin tsofaffin Yarbawa na unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis, 'yan shekara 65 zuwa sama. Gwajin ƙwaƙwalwar da Turawa suka saba da shi yana tambayar kwanan wata da rubutu da lissafin boko, abin da zai kayar da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba alhali tana riƙe da lissafin adashinta da sunayen jikokinta tsaf. Dole suka yi aiki da gwajin da aka daidaita shi da al'ada da zurfin karatu, aka haɗa da tambayar wani na kusa da tsohon game da yadda yake gudanar da harkokinsa na yau da kullum.

A tsakanin waɗannan ayyuka ya riƙe muƙamai. Ya shugabanci tsangayar likitanci ta Ibadan daga 1974 zuwa 1978, ya zama babban daraktan asibitin koyarwa na Ibadan daga 1985 zuwa 1990, ya kuma shugabanci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara a kan bincike a ƙarshen shekarun 1980. Ya sami lambar ƙasa ta OFR a 1978 da lambar yabo ta masana ta ƙasa a 1984. Akwai wata cuta da ba a cika samu ba, ta yaran da ake haifa ba sa damuwa da zafin ciwo kuma ba sa gane sautin magana, wadda shi da abokan aikinsa suka bayyana a 1968, kuma da sunansa ake kiranta a littattafan likitanci. Matarsa, Farfesa Olabopo Osuntokun, ta yi aiki a matsayin likitar ido a jami'ar ta Ibadan.

Ya rasu a birnin Kambirij na Ingila ranar 22 ga Satumba, 1995, yana da shekara 60. Wata ɗaya bayan haka sakamakon farko na binciken mantuwa ya fito, da sunansa a kai. Kimanin kashi 2 cikin 100 na tsofaffin Ibadan aka samu da cutar, a Indiyanafolis kuwa kimanin kashi 8, kuma wani nau'in ƙwayar halitta da aka sani yana ƙara haɗarin cutar a jikin Turawa ba a ga yana da wannan tasiri a tsofaffin Ibadan ba. Almajiransa sun ci gaba da bibiyar mutanen Idikan har tsawon kusan shekara ashirin.